Darasin Miyami: Girman Harsashi ko Gwanintar Mai Harbi?

Duk sa'ad da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye, sai a ji muryoyi suna cewa a bar kowa ya mallaki makami. A watan Yunin 2022 ma gwamnatin Zamfara ta umarci jama'arta su nemi lasisin riƙe bindiga. Kafin mu yanke hukunci a kan wannan kira, ya kamata mu dubi Amurka, inda aka shafe shekaru da dama ana jayayya a kan harsashin ƙaramar bindiga da ya fi dacewa da kare kai.

Lambobin da ake kiran harsasai da su faɗinsu suke nunawa. Harsashin .22 bai kai milimita 6 ba, sai mai milimita 9, sai .40 mai kimanin milimita 10, sai .45 da ya ɗara milimita 11. Kowanne da aikin da ya fi dacewa da shi. Masu gasar harbi, har a wasannin Olamfik, .22 suke riƙewa a nisan mita 25, domin yana da araha kuma ba ya girgiza hannu, sai saiti ya zauna. Mafarautan barewa da aladen daji kuwa sun fi karkata ga .357 Magnum na 1935 da .44 Magnum da ya biyo baya a shekarun 1950, saboda dabba mai kaurin jiki na buƙatar harsashin da zai ratsa nama da ƙashi. A batun kare kai ne gardama ta yi zafi.

Ranar 11 ga Afrilun 1986, jami'an hukumar FBI takwas suka yi arangama da 'yan fashin banki biyu a Miyami. An kashe jami'ai biyu, biyar suka jikkata. Tun farkon artabun, harsashi mai milimita 9 ya sami ɗaya daga cikin 'yan fashin, Michael Platt, amma ya tsaya dab da zuciyarsa, kuma da wannan rauni ya ci gaba da harbi har ya yi ɓarnar da ya yi. Hukumar ta ɗora laifin a kan ƙanƙantar harsashin, ta koma ga mai milimita 10. Sai aka tarar ƙarfinsa ya fi hannun jami'ai da yawa, aka rage masa albarushi, daga nan kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka fito da .40 a 1990, wanda 'yan sandan Amurka suka runguma.

A 2014 sashen horo na FBI ya ba da shawarar komawa ga milimita 9, harsashin da Georg Luger ɗan ƙasar Austriya ya ƙera tun farkon ƙarni na ashirin. Hujjojin a fili suke. Ƙirar harsasai ta ci gaba, har mai milimita 9 na yau yana iya ratsa inci 12 zuwa 18 da hukumar ta gindaya a gwajinta. Gidan harsashi yana ɗaukar adadi mafi yawa. Jami'ai sun fi samun abin da suka auna, kuma sun fi saurin maimaita harbi. Sashen ya kuma nuna cewa a musayar wuta, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na harbin jami'an tsaro kuskure ne. Babban harsashin da ya kauce bai amfana wa mai shi komai ba, sai dai ya sami wanda bai ji ba bai gani ba.

Akwai kuma abin da aka daɗe ana kau da kai a kansa: doguwar bindiga Platt ya riƙe a ranar, jami'an kuma galibinsu ƙananan bindigogi ne a hannunsu. Tazarar da ke tsakanin waɗannan makamai ta fi duk wata tazara da ke tsakanin .40 da milimita 9.

A nan ne darasin ya shafe mu. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin rukunin waɗanda ba a riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa, kuma mahara a dazukanmu AK-47 suke saɓawa. Idan jami'in da aka horar, yake zuwa filin atisaye a kai a kai, yana kuskuren mafi yawan harbinsa, me ake tsammani daga manomin da aka miƙa wa bindiga jiya, cikin duhu, iyalinsa na bayansa? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba na raina tsoron mutanen da aka bari ba mai tsaronsu. Kukansu gaskiya ne. Amma gwamnan da ke son amsa wannan kuka, ya fara da faɗa mana wa zai horar da masu riƙe makaman, a ina za a ajiye su, wa zai ƙidaya harsasai, kuma wace kotu za ta saurari iyalan wanda aka harba bisa kuskure.