Kujerar Jakada Ba Tukuicin Siyasa Ba Ce

Malam, ka rubuta cewa kujerar jakadanmu a Yamai kowa aka ɗora ya isa, tunda Najeriya da Nijar 'yan uwa ne. Wannan magana ba ta da tushe.

Ka manta da 2023? Sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, aka garƙame iyaka. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a Illela da Jibiya, albasa na ruɓewa cikin buhuna, mai awon hatsi a Maraɗi da dillalin shanu a Maigatari duk suka ji a jika. A watan Satumba kuma gwamnatin Najeriya ta janye kusan duk jakadunta, daidai lokacin da ake neman mai bakin lallashi.

Kujerar nan tana son wanda ya iya Faransanci, ya san aikin Hukumar Haɗin Gwiwa da ƙasashen biyu suka kafa a 1971, ya san inda aka kwana kan layin dogon Kano zuwa Maraɗi. Wanda ya faɗi zaɓen fid da gwani, a nema masa wata sakayyar. Majalisar Dattawa kuma ta daina ce wa wanda za a naɗa jakada ya rusuna ya wuce, ta titsiye shi da tambayoyi.