Ɗinki da Awo: Yadda Ake Yi wa Linux Ƙari



Duk wayar Android da kuke gani a Birniwa, Tecno ce ko itel ko Infinix, akwai wata manhaja a can ƙarƙashinta mai suna kanel ɗin Linux. Ita ce ke shiga tsakanin manhajojin da kuke taɓawa da sassan wayar, irin su kyamara da batir. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a 1991, yana ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki, kuma ya bar ta a buɗe, kowa ya karanta ya gyara.

Kanel ba ta san kowace na'ura ba. Idan aka haɗa mata baƙuwa, sai a rubuta ɗan ƙaramin shiri da yaren C, ana ce masa mojul, a ɗora mata da umarnin insmod ba tare da an sake gina ta duka ba.

Ina ruwanmu da wannan? Ku tuna ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a ƙasar Haɗeja. Za a iya kafa na'urar auna tashin ruwa a bakin kogi, a haɗa ta da Raspberry Pi, wata kwamfuta mai girman katin ATM, ta aika gargaɗi tun ruwa bai iso gari ba. In kanel ba ta san na'urar awon ba, dole wani ya rubuta mata mojul. Me zai hana ya zama ɗayanku?

Sai dai ƙwaƙwalwar Raspberry Pi ƙirar ARM ce, kamar ta wayoyi, yawancin kwamfutocin cinya kuwa na Intel ne ko AMD. Yarensu ba ɗaya ba ne, kuma ƙaramar tana da nawa wajen gini. Don haka a kan babbar ake gina mojul ɗin, amma da yaren ƙaramar. Kamar tela ne da aka aiko masa da awon yaro daga ƙauye, ya ɗinka kayan Sallah bai ga yaron ba.

Awon nan biyu ne. Na farko irin ƙwaƙwalwar, wanda ake faɗa wa umarnin make da ARCH=arm64, sannan CROSS_COMPILE ya nuna manhajar da za ta juya rubutun. Na biyu lambar kanel ɗin, wadda uname -r ke nunawa. In lambar ta saɓa, kanel za ta ƙi karɓar mojul ɗin.

A yi hattara. Manhajar waya in ta yi kuskure ita kaɗai ke rufewa, amma kuskuren mojul kan tsayar da kwamfutar gaba ɗaya, don haka kada ku yi gwaji a kan kayan Baba. Sannan Linux tana ƙarƙashin lasisin GPL. Mojul ɗin da bai bi irin wannan lasisi ba, kanel kan hana shi taɓa wasu sassanta.

Aikin gida: ku shiga saitin waya, sashen bayanin waya, ku nemo lambar kanel, ku kwatanta da ta abokinku. In sun bambanta, mojul ɗaya ba zai shige su duka ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.