Likitar Da Ta Shiga Kurkukun Ƙanaɗir

Duk mai bibiyar tarihin Masar ya san kurkukun mata na Ƙanaɗir da ke arewa da birnin Alƙahira. A nan Hajiya Zainab al-Gazali ta yi shekaru a tsare kafin a sake ta a 1971. Bayan fitarta da ƴan shekaru wata likita, Nawal Sa'adawi, ta nemi izinin shiga da ƙafarta don ta saurari matan da aka jefa ciki.

Nawal ta kammala karatun likita a Jami'ar Alƙahira a 1955. A 1972 aka kore ta daga Ma'aikatar Lafiya saboda rubuce-rubucenta. Daga nan ta shiga bincike kan ciwon damuwa a tsakanin mata, wanda ya kai ta Ƙanaɗir. A can ta gana da matar da ta kira Firdausi, wadda aka yanke wa hukuncin rataya saboda ta kashe kawalin da ke cin guminta. Labarinta ya zama littafi sukutum.

A watan Satumban 1981 Anwar Sadat ya kame sama da mutum 1,500, har da Nawal, aka kulle ta a wannan kurkukun tare da ƴan uwa mata masu niƙabi. Da fensirin ja-gira ta riƙa rubutu a kan takardar ban-ɗaki. Ta rasu a 2021.

Malamai da dama sun yi mata raddi a kan maganganunta game da addini da hijabi, kuma raddin yana kan hanya. Amma tambayar da ya kamata ta hana matashi Musulmi barci ita ce: yaya aka yi mai irin wannan ra'ayi ta riga shi zuwa ƙofar kurkuku? Alƙur'ani ya ambaci ciyar da ɗaurarre tare da miskini da maraya.

Mafi yawan waɗanda ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke yi, kuma akwai mata a cikinsu, wasu da goyo. Namiji ba zai kutsa sashen mata ba, amma zai iya tara kuɗin sabulu da magani, ya nemo lauya, ya raka yayarsa ko innarsa ziyara. Taken yaƙi da zalunci a baki ba ya fitar da kowa daga kurkuku. Allah Ya sa a farga.