A Bar wa Shamuwa Wurin Sauka

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu na Talata Mafara da Bakura da Maradun, kowace shekara in damina ta matso, ƙungiyoyi sukan nemi dashen itatuwa, kuma kusan kullum abu biyu ake nema, dogon yaro da turare. Ni a ganina lokaci ya yi da za mu sake shawara. Ban ce a sare dogon yaro ba, yana da inuwa, ba ya jin fari, awaki kuma ba su cika damunsa ba. Amma shi baƙo ne daga ƙasar Indiya, turare kuwa daga Ostareliya aka kawo shi, ga shan ruwa, ga shi ƙarƙashinsa ko ciyawa ba ta cika fitowa ba. In muka cika ƙasa da su kaɗai, mun sami inuwa da itacen girki, amma ba mu mayar da abin da muka rasa ba.

Dattawanmu sun san abin da aka rasa. Da aka fara aikin dam na Bakolori a 1974, aka gama shi a 1978, ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka a wajen Maradun, a ƙasan dam kuma katafila ta baje fili don noman rani, ta tuge ɗorawa da kanya da tsamiya da gawo waɗanda kakanni suka bari. Rigimar diyya da ta kai ga 'yan sanda suka harbe manoma a watan Afrilu na 1980, ba kan ƙasa kaɗai aka yi ta ba, har da itatuwan amfani. Mutanen da suka tsaya kan haƙƙinsu a lokacin sun san ɗorawa dukiya ce. Abin da ba a sa a lissafin diyya ba shi ne tsuntsaye da ƙudan zuma da jemagu da suke rayuwa a kan waɗannan itatuwa, suna yi wa manomi aiki ba lada.

Ku dubi shamuwa. Tana zuwa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a manyan itatuwa na cikin gari, abincinta kuwa fara da tsutsa. Balbela ma haka, tana bin shanu da garma tana tsince ƙwari. Mujiya, wadda yara suke jifa, wasu manya kuma suke camfa ta, ita ce take kwana tana kama ɓeraye da gafiya a bakin rumbu da kunyoyin shinkafa, kuma takan fake a kogon tsohon itace kamar kuka. Furen ɗorawa da na kuka da dare suke buɗewa, jemagu ne suke yawo a kansu suna kai garin fure daga wannan zuwa wancan, da haka ake samun 'ya'ya. Wanda ya kori jemage ya rage wa matarsa kalwar daddawa bai sani ba. Kabewa da kankana da guna kuwa, namijin fure dabam, macen dabam, in zuma bai haɗa su ba sai ɗan ya yi yaushi ya faɗi. Masu noman rani da suke kukan kankana ta yi yaɗo ba 'ya'ya, su tambayi kansu yaushe rabon da su ga amya a kusa da gonarsu.

Shi zuma yana bukatar fure duk shekara, ba kwanakin kankana kaɗai ba. A nan ne itatuwanmu na gado suka fi na waje, domin ba lokaci ɗaya suke fure ba. Magarya tana yi wajen ƙarshen damina, gawo yana yi da kaka, ɗorawa da kaɗanya suna yi cikin rani. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: yana kaɗe ganye da damina sa'ad da gero yake son rana, ya yi sabon ganye da rani sa'ad da dabba take neman inuwa da abinci, ƙasar gindinsa kuma ta fi ta sauran gona albarka.

Na san abin da za a ce, an kuwa sha faɗa a taro: itace yana kawo tsuntsu, tsuntsu yana cin dawa da shinkafa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Marai yakan yi sheƙa a bagaruwa ya sauko gona, kurciya ma tana tsintar iri. Amma babban mai ɓarna shi ne jan baki, kuma jan baki ba ɗorawar gonarka ce ta kira shi ba. Daga nesa yake tahowa dubu-dubai, yana bin ruwa da tsabar ciyawa da hatsi, ya kwana cikin kachalla da ƙayoyin bakin ruwa. Filin Bakolori an share shi fes, duk da haka ba a daina tsaron tsuntsu ba. Abin da share filin ya kora shi ne shaho da shirwa da mujiya da sauran masu taimako, domin su ne suke bukatar dogon itace. Ga kuma tsutsar masara da ta shigo Nijeriya a 2016, wadda ta sa kuɗin magani ya hau. Tsuntsaye da rina da tururuwa ba za su gama da ita ba, amma duk wadda suka cinye ta rage maka feshi.

Wani zai yi dariya in na ambaci malam-buɗe-littafi. To, a duba tumfafiya. Akwai wani mai launin ruwan goro da baƙi da ɗigon fari a bakin fiffike, tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, ba ruwanta da wake ko masara. Masu ɓata amfani galibi irin na dare ne. Tumfafiya biyu ko uku a kan iyaka ba su tsare wa kowa komai ba, kuma in ka ga malam-buɗe-littafi ya ɗauke ƙafa daga lambu, alama ce feshi ya yi yawa, zuma ma ya tafi.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan zafi. Da can, in an rasa itace a gona sai a shiga daji. Shekarun nan na 'yan bindiga, wa zai tura matarsa ko 'yarsa dajin Maradun neman kanya ko ɗinya ko sassaƙen magani? Abin da ba ya kusa da gida yanzu kamar babu shi ne.

Aikin kuwa ba ya bukatar kuɗi mai yawa, maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna haka. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, bayan dashe ya yi ta mutuwa, ya lura cewa tohon da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa mai zurfi. Sai aka koma zaɓen rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a bar waɗannan su tashi. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada. Suka kira shi sassaben zamani. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, masu bincike sun ƙiyasta kadada miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa. Sabara da kalgo da geza da aduwa da suke tohowa a gonakinmu na tudu irin nasu ne.

A cikin filin noman rani ba a kafa itace a bakin kwalbati ko jikin hanyar ruwa, saiwa tana fasa siminti, sai a nemi izinin hukumar dam kafin a taɓa komai a can. Amma iyakokin gonakin tudu, da bayan gida, da makaranta, da harabar majami'a, duk a hannunmu suke. Irin gawo da na ɗorawa suna da tauri, a jiƙa su cikin ruwan zafi da aka sauke daga wuta su kwana kafin a shuka, a kuma kewaye dashen da ƙaya saboda awaki har shekara biyu ko uku. Ɗorawa tana daɗewa kafin ta haihu, saboda haka a haɗa ta da magarya mai saurin 'ya'ya don kada gwiwa ta yi sanyi. Baure ko ceɗiya guda a harabar majami'a ta ishi tsuntsaye iri-iri ci. Mai feshi kuma ya bari sai da yamma lis bayan zuma ya koma gida, kada ya fesa wa amfani yana cikin fure.

Ina roƙon kowace ƙungiya ta sa wannan magana a taronta na gaba, kafin a fara sharar gona. A sa mata cikin shawarar, domin su suka san itacen da ya yi wuyar samu. A kuma yi magana da makiyaya da mai unguwa tun da wuri, a san tohon da aka ɗaura wa tsumma na wani ne, ba na sara ba.