Yawan kaji ba shi ne riba ba

Mu da muke kai kaji da ƙwai kasuwannin Ɗan Isa, Jibiya, Ƙonni da Illela mun san gida cike da kaji ba riba ba ne. Amma mai kiwon da ba shi da littafi, da ƙiyasi ake yanka masa lanho, kuma mai ƙiyasi yawan kaji kaɗai yake gani.

Tsarin lissafi na OHADA, wanda Nijar ke bi, ya ce kayan da suka rage a ƙarshen shekara ana ƙimanta su da abin da aka kashe a kansu. Ga kaza, wannan shi ne kuɗin ɗan tsako, abinci da rigakafi, ba farashin jajibirin Salla ba. In farashin kasuwa ya faɗi ƙasa da haka, na ƙasan ake ɗauka.

Kuma kaji ba ɗaya ba ne. Ta nama tana isa sayarwa cikin sati 6 zuwa 8. Ta ƙwai kuwa sai ta yi kusan wata 5 tana ci ba ta kawo ko dala ba, in ta tsufa a sayar da ita da araha.

Ba mu manta da 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya, kaza ta rasa mai taya ta. Irin wannan asara ana cire ta daga riba, amma sai da shaida.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu rubuta abin da muka saya, abin da ya mutu da abin da muka sayar, mu adana rasit. Ma'aikatan haraji kuma su duba littafi kafin su ƙirga kaji. Allah ya ba mu sa'a.