Kada A Yanka Kaza Don Ƙwai Mai Taushi

Sau da yawa in kaza ta fara yin ƙwai ba ɓawo, sai mai ita ya ɗauko wuƙa. Wannan hasara ce, gama galibi laifin na abinci ne. Kaza takan yi wajen awa 20 tana gina ɓawon ƙwai guda, dawa da dusa kuwa ba su ƙoshi da abin ginin ba. In ta rasa sai ta ɗiba daga ƙashinta, har ta gurgunce.

Maganin bai kai kwabo ba. A gasa ɓawon ƙwai ko ƙashi, a daka, a zuba mata a kasko dabam. In ƙwai ya maƙale, a zaunar da ita cikin ruwan ɗumi. Kada a matsa mata ciki, gama in ya fashe a ciki da wuya ta tashi.