WA YA CE MATA BA SU IYA BA? MARTANI GA MASU KUSHE NAZARIN FASAHAR MATA

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata magana ce da wani abokina ya yaɓa mini muna hira da dare. Na ba shi labarin binciken da masana ke yi a jami'o'in duniya kan mata masu zane da sassaƙa, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Malam, rabu da 'yan feminist ɗin nan, neman suna ne kawai. Da mata sun iya ai da tuni mun ji sunayensu." Na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, shi ya sa zan ba shi amsa a bainar jama'a.

Tambayar tasa ba sabuwa ba ce. A 1971 wata malamar tarihin zane a Amurka, Linda Nochlin, ta rubuta maƙala a mujallar ARTnews tana tambayar dalilin da ya sa ba a samu mata cikin jerin gwanayen zane ba. Ta ce a bar batun baiwa tukuna, a duba ƙofar makaranta, wa aka bari ya shiga, wa aka tsayar a waje. Kwalejin zane ta masarautar Ingila, wadda aka kafa a Landan a 1768, da mata biyu aka kafa ta, Angelica Kauffman da Mary Moser. Daga su ba a sake ba wata mace cikakkiyar kujera ba sai Laura Knight a 1936. Babbar makarantar zane ta Faris kuwa sai a 1897 ta fara karɓar mata. To don Allah, ka ɗaure wa mutum ƙafa sannan ka ce ya kasa tsere, wannan adalci ne?

Waɗanda suka kutsa da ƙarfin hali ma ba su tsira ba. Judith Leyster ta ƙasar Holan ta yi zane a ƙarni na 17, amma aka yi ta sayar da aikinta da sunan Frans Hals, sai a 1893 aka gano tambarinta a jikin wani zane da ake cewa nasa ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan. Hilma af Klint ta Suwidin tun 1906 take irin zanen nan da ba ya kwaikwayon siffar komai, kafin mazan da littattafai suka ce su suka fara. Da aka baje aikinta a gidan Guggenheim na New York daga 2018 zuwa 2019, mutane fiye da 600,000 suka je kallo. Ashe ba gwanintar ce babu ba, mai rubuta tarihin ne ya kau da kai.

Abokina zai ce ai duk wannan can ƙasar Turawa ne. To ya zaro naira 20 daga aljihunsa ya juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali. A gida ta koyi aikin, a hannun 'yar'uwar iyayenta, kuma tukwanenta sun riga sun shiga fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau kafin Bature Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a wurin. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Shekara da shekaru labarinta yana farawa ne daga zuwan Bature, kamar shi ya haƙo ta daga ƙasa. Sabon bincike, irin wanda Jareh Das ta gina baje kolinta a kai a Landan a 2022, shi ya mayar da Ladi tsakiyar labarinta, tare da ilimin yumɓu da mata ke gadar wa mata.

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Kakata ta yi shekaru tana saƙar faifai, mata na zuwa daga unguwanni don kayan ɗakin 'ya'yansu, kowa ya ga aikinta ya san hannunta ne. Yau ko faifai ɗaya nata ba mu da shi, sunanta kuma bai shiga takardar kowa ba. In namiji ya zana a kan allo sai mu ce fasaha, in mace ta zana a kan ƙwarya ko tafin amarya sai mu ce sana'ar cikin gida. Wa ya yi wannan rabo, kuma da wane ma'auni? Tambayar da masu binciken nan ke yi ke nan, kuma ban ga inda ta saɓa wa addini ko tarbiyya ba.

Ban ce a haɗiye duk abin da suka rubuta ba. Akwai masu liƙa wa matattu aƙidar da ba su taɓa ji ba, akwai kuma masu auna matan Afirka da mudun Turai. Amma maganin bincike maras kyau shi ne a yi wanda ya fi shi, ba a toshe kunne don an ji kalma guda ba. Mu da muka ga yadda aka yi wa marubutanmu mata kuɗin goro da sunan adabin kasuwar Kano, daga baya kuma jami'o'i suka dawo suna nazarin Balaraba Ramat Yakubu, ai bai kamata mu sake faɗa wa wannan rami ba.

Don haka abokina, kafin ka sake cewa ba ka ji sunayensu ba, ka je ka tambayi Inna wa ya yi tulun da ke ɗakinta, wa ya koya mata, ka rubuta ka ajiye. In ba mu rubuta ba, gobe wani zai zo daga nesa ya rubuta, mu kuma mu saya da tsada. Wassalam.